Zabirar Wanzami: Ruwa Kafin Aska

Assalamu alaikum. Tunda hunturu ya kankama, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka koma kusan duk maganar aski, kuma ban yi mamaki ba. Lokacin ne fata ke bushewa, leɓe ya tsage, reza ta riƙa cizo. Ga sababbin masu karatu, ni wanzami ne ɗan wanzami, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, kuma zabirar da nake ratayawa ta girmi babban ɗana. Na tsamo wasiƙu biyar, sauran a yi mini haƙuri sai wata mai zuwa.

Baba wanzami, ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Gezawa. Kullum da safe nakan yi gyaran fuska a tsaye, cikin minti biyu, da rezar roba, don kada in makara. Yanzu ƙasan wuyana ya cika da ƙuraje, har kwalar riga ba na son ta taɓa wurin. Amma ina tuna kakana, in wanzami na yi masa aski har gyangyaɗi yake yi. Me ya sa abin da yake hutu a wurinsa ya zame mini azaba?

Malam, Allah ya ƙara basira. Ba kaifin aska ke sa kakanka gyangyaɗi ba. Abin da ake yi masa kafin a zaro ta ne.

Bari in gaya maka yadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake yi. Da hantsi zai shimfiɗa buzu a gindin darbejiyar ƙofar gida. Mai aski ya zauna, ya cire hula ya kifa ta a gwiwa. Baba ba zai taɓa zabira ba tukuna. Sai ya tsoma tafin hannunsa a ɗan ƙoƙon ruwa, ya shafa kan tun daga goshi har ƙeya, ya sake tsomawa, ya riƙa murzawa da babban yatsa a hankali, bayan kunne, gefen wuya, yana tambayar mutumin ya gero, ya mai jiki, an samu takin kuwa. Ina yaro ni ke riƙe da ƙoƙon, hannuna har ya yi tsami, a raina ina ganin ɓata lokaci ne kawai. Sai ya ga ruwan ya daina tsayawa a kan gashin, ya shige ciki, sannan zai zaro aska, ya wasa ta a fata, ya gwada ta a gashin hannunsa. Kafin ƙarfe ya taɓa mutum, kafaɗunsa sun riga sun sauka, hira ma ta fara yankewa. Daga nan ba abin da za ka ji sai ƙar-ƙar ɗin aska da kukan kurciya a sama. Duk ja biyu ko uku sai ya goge ta a bayan hannunsa na hagu. Yakan ce mini, gashin da bai sha ruwa ba ƙaya ne.

Gaskiyarsa ce. Busasshen gashi tauri gare shi. In ya sha ruwa, musamman mai ɗumi, na minti biyu zuwa uku, sai ya kumbura ya yi laushi, reza ta yanke shi salin-alin. Kai kuwa minti biyun nan ne duka askinka, ka ga kenan rezarka fizga take yi, ba yanka ba.

Su kuma ƙurajen, kada wani ya ce maka ƙazanta ce ko jininka ne ba shi da kyau. Gashinmu na baƙar fata a murɗe yake fitowa. In aka yanke shi ƙasa-ƙasa, bakinsa kan yi tsini kamar allura, in ya tashi tsirowa sai ya lanƙwasa ya koma ya soki fatar, wani ma tun yana ciki bai fito ba yake sukar gefe. Jiki kuwa sai ya ɗauke shi kamar ƙaya ce ta shiga, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani ya tara ruwa, in ya warke ya bar baƙin tabo. Rezar nan mai baki uku ko biyar ita ta fi jawo mana wannan, domin bakin farko yana ɗan jawo gashin waje, na bayansa ya yanke, sai guntun ya koma ya nutse ƙarƙashin fata. Mai miƙaƙƙen gashi zai ji daɗin santsin. Mu kuwa bashi muka ci, bayan kwana biyu za mu biya.

Abu na farko, ajiye reza sati uku zuwa huɗu. In ba ka son ka shiga aji buzu-buzu, a rage maka da kilifa ko almakashi, a bar ɗan tsawo. Kada ka matse ƙurajen, kada ka tone su da tsinke. Kada kuma ka yarda a shafa maka fetur ko man birki, na ga wuyan da aka ƙona da su, tabon ba ya ɓacewa.

In wurin ya lafa, kafin ka koma aski, sai ka san kwanciyar gashinka. Shafa yatsa a hankali: inda ka ji santsi, can gashin ya kwanta, inda ka ji kaushi, ka saɓa masa. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo, amma a wuya kowa da irin nasa. Akwai wanda nasa ke kallon sama, akwai mai kallon gefe, akwai mai ɗan murɗe kamar cibiya a gefen maƙogwaro. Mutanen da na daɗe ina yi wa aski, ko ido rufe na san wuyan kowannensu.

Sai safiya. Bayan ka dawo daga masallaci, ɗebi kofi guda daga ruwan da aka ɗora na wanka ko na koko, ka sirka shi ya zama ɗumin da gwiwar hannunka za ta jure. Zauna. Wannan zaman ina nufinsa, kada ka yi a tsaye, kada kuma waya ta biyo ka. Jiƙa ɗan tawul mai tsabta, ka ɗora a fuska da wuya, in ya huce ka sake, har sau uku. Sannan sabulu. In rijiyarku zartsi ce za ka ga kumfa ba ta tashi sosai, to ruwan sama ko na famfo ya fi. Sabulun salo yana da kyau amma yana da zafi, tunda da toka ake haɗa shi, a hunturu yakan busar da fata, don haka ka fara shafa ɗan man kaɗanya kafinsa. In kana da buroshin aski ka murza kumfar da shi zagaye-zagaye, yana tayar da gashin da ya kwanta. In babu, yatsu sun isa, da su muka yi shekaru.

Ka kwantar da reza kaɗan, kada ka tsayar da ita kamar mai kankarar rogo. Kada ka danna. Gajeren ja, ka bi kwanciyar gashi, ka ɗauraye, ka sake. Wuri ɗaya sau ɗaya, in ya kama dole a maimaita to a sake shafa kumfa. Mu wanzamai mukan ja fata ta miƙe don aski ya yi ƙwal, amma kai mai ƙuraje kada ka ja taka, kuma ka haƙura da neman santsin madubi. In ka gama, ruwan randa mai sanyi. Inda ka ga ɗigon jini ka jiƙa alif, wanda wasu ke ce wa alimun, ka dangwala, zai yi raɗaɗi kaɗan jinin ya tsaya. Sai man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa, ka narkar da shi a tafin hannu ka shafa.

Duka-duka minti goma ne. Kuma ga shawarata: ruwan ɗumin da tawul da man, kullum. Rezar kuwa bayan kwana biyu ko uku. Safiyar da ba ta aski ba ma ka zauna ka yi sauran, za ka ga yadda za ka shiga aji ranka a kwance, yara su same ka da fuska a sake.

Ka lura ban taɓa maganar gemu ba. Hadisin rage gashin baki da barin gemu sananne ne, yana cikin Buhari da Muslim, bayanin hukuncinsa kuma na malamai ne. Abin da na zayyana maka na wuya ne da gefen fuska da kai. In kuma ƙurajen a ƙeya suke, suka yi tauri suna haɗewa kamar tsiro, wannan ya wuce zabira, ka je asibiti tun suna ƙanana.

Malam wanzami, ɗana yana da shekara 16, ya dage sai ya riƙa kankare fuskarsa kullum wai don gemu ya fito masa da kauri. Da gaske aski na ƙara gashi? Daga wata uwa a Babura.

Hajiya, a'a. Gashin da ke waje ba shi da rai, saiwarsa na cikin fata inda reza ba ta kaiwa. Wata mai bincike a Amurka, Mildred Trotter, ta auna wannan tun 1928, ta ga aski bai canza kauri ko launi ko saurin fitowa ba. Gashi na tsirowa wajen santimita ɗaya a wata, a aske ko a bari. Abin da ke ruɗin mutane, dubi karan gero: samansa siriri ne, in ka sare shi a gindi sai ka ga kututture mai kauri, amma karan dai shi ne. Gemun ɗanki shekaru ne da gado za su kawo shi. Ki ce ya kalli kawunnansa da baffanninsa, ya ajiye reza kafin ya ɓata fuskarsa.

Baba, ni manomi ne a ƙasar Gumel. Duk Alhamis in na je kasuwar Maigatari a can nake aski, wurin wani dattijo da na saba da shi. Ɗana da ke makarantar koyon aikin lafiya ya ce in daina, wai aska ɗaya da ake yi wa kowa da ita tana yaɗa cuta. Na ce masa iyayenmu da ita aka yi musu har suka tsufa. Ba raina sana'arku yake yi ba?

Ɗan'uwa, ɗanka bai raina mu ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ni na daɗe kafin in yarda da ita.

Shekarun baya an taɓa tara mu wanzaman yankinmu a ƙofar gidan hakimi, wani ma'aikacin lafiya ya yi mana irin wannan bayani. Yaro ne ƙarami, sa'an ƙanina. Raina ya ɓaci, na ga kamar ce mana yake mu ƙazamai ne, ina cikin waɗanda suka tashi kafin ya gama. An ce wanzami ba ya son jarfa, ranar na ga haka a kaina. Bayan 'yan shekaru wani amini na, wanda tare muka yi makarantar allo, ya kwanta. Idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, ƙafafu suka yi nauyi. A asibitin Kano aka ce ciwon hanta ne, ya daɗe a jikinsa bai sani ba. Ni nake yi masa aski tun muna samari. Ranar da muka dawo daga maƙabarta na zazzage zabirata a kan tabarma, na daɗe ina kallon asake na. Daga ranar ban sake ɗora aska ɗaya a kan mutum biyu ba sai an dafa ta.

Ga yadda abin yake. Aski ko na gwani ne yana barin 'yan ƙananan yanka da ido ba ya gani. Ƙwayar cutar hanta nau'in B, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana bakwai. Jinin da ya bushe a bakin aska tun Alhamis ɗin da ta wuce zai iya kama mutum a wannan Alhamis ɗin. Mutane sun fi tsoron cuta mai karya garkuwar jiki, amma ta hantar ta fi ta saurin kamu nesa ba kusa ba. Mai ɗauke da ita kuma zai iya shekaru garau yana noma, yana aure, babu alama. Iyayenmu da ka ambata, da yawa an ce shawara ce ta kashe su ko kumburin ciki ko sammu, aka binne su da wannan sunan.

Goge aska a hannu ba ya kashe ta. Fetur da kananzir ma ba sa yi. Haska wa kilifa wutar ashana na ɗan lokaci, kwantar da hankalin mai kallo ne kawai. Abin da ya fi, kowa da askarsa. Sayi taka, ka yi mata kube, ka riƙa tafiya da ita a aljihu kamar yadda kake tafiya da carbi. Ko kuma ka sayi irin askar nan mai ɗaukar rabin reza, a ɓare sabuwa a gabanka, a karya, a sa, in an gama a jefa tsohuwar cikin gwangwani mai murfi don yara. Askar maƙera da za a yi wa wani da ita, a wanke ta da sabulu, a dafa ta cikin ruwa yana tafasa minti ashirin. Alif ma kada a yi tarayya a kansa, a fasa wa kowa ɗan gutsure.

Kada ka rabu da dattijon naka. Kai masa aska ka ce, Baba, wannan tawa ce, ita nake so hannunka ya saba da ita. Ba zai ji ciwo ba. Sannan ka bar ɗanka ya kai ka a gwada jininka. Akwai allurar rigakafi, sau uku ake yi wa babba. Najeriya ta shigar da ita cikin rigakafin jarirai a 2004, ka ga ni da kai da duk wanda aka haifa kafin nan sai mun nema da kanmu. Ku kuma 'yan'uwana masu askin suna da kaciya da ƙaho, maganar nan ta fi shafarku. Jariri ɗan kwana bakwai in ya kamu, yawanci da ita zai rayu.

Ina Wudil, ina so in fara yi wa kaina aski a gida. Askar maƙera zan saya, ko reza, ko kilifa?

Ɗana, askar maƙera ba ta ɗan koyo ba ce. Mu a jikin ɗanyen duma aka fara sa mu, sannan ƙwaurinmu, kafin a ba mu kan mutum. Tana son washi a dutse, tana son fata, tana son a shanya ta a shafa mata mai in ba haka ba tsatsa ta cinye bakin. Kilifa kuma ita ce mai sauƙi ga mai ƙuraje tunda ba ta sharewa ƙasa, amma tana son caji, kuma babu ruwa babu kumfa, daɗin da ake nema ba ya cikinta.

Nemi ta tsakiya, wato ƙarfen nan mai murfi da ake warwarewa a sa reza mai baki biyu, irin wanda tsofaffin sojoji da ma'aikatan En'e ke ajiyewa a akwati. Wani Ba'amurke, King Gillette, shi ya fito da shi. A 1903, shekarar da ya fara sayarwa, guda 51 kacal aka saya da reza 168. Abin da ya yaɗa shi yaƙin duniya na farko ne, lokacin da aka raba wa sojojin Amurka, suka koma gida da shi. Rezar wancan zamani tsatsa take yi nan da nan, sai a 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya kawo wadda ba ta tsatsa. A wannan ƙarfen, bakin reza guda ɗaya ne kawai ke taɓa fatarka, murfin yana tsare maka kwanciyarta, nauyin ƙarfen ya isa ba sai ka danna ba. Sau ɗaya za ka saye shi. Reza kuwa ko a teburin mai kayan koli akwai ta. Da ka ji ta fara ja, canza.

Baba, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, wata huɗu kenan yana kwance a ƙauyenmu kusa da Birnin Kudu. Mutum ne mai tsabta, ba ya zuwa Juma'a sai da sabon aski. Yanzu gashin bakinsa har yana shiga kunu. Wanzaminsa ya rasu. Ina so in yi masa da kaina amma hannuna rawa yake.

Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma Allah ya yi maka albarka. Ka yi masa, kuma kada ka jinkirta. A cikin Muslim akwai hadisin Anas cewa kada a bar rage gashin baki da yanke farce ya wuce kwana arba'in. Mutum irin mahaifinka yana lissafin kwanakin nan a ransa ko da bakinsa ba ya iya faɗa.

Fara tambayar wanda ke duba shi ko yana shan maganin tsinka jini, don masu irin wannan ciwo ana yawan ba su, kuma ɗan yanka kan daɗe yana zuba. In yana sha, ko yana da ciwon suga, bar reza, ka yi da kilifa da ƙaramin almakashi. Ɓarin da ya shanye ba lallai ya ji zafi ba, don haka gwada ɗumin ruwan a hannunka, kuma a wannan ɓarin idonka ne zai gaya maka abin da shi ba zai ji ba.

Zaɓi safiyar Juma'a, da hantsi, in rana ta ɗan kashe sanyi. A jingina shi da matashi, a ɗora masa zane a kafaɗa. Kada ka tsaya a kansa, zauna daidai da shi. Gaya masa duk abin da za ka yi kafin ka yi: Baba, zan sa ruwa. Baba, zan fara ta dama. Ka daɗe a wurin ruwan, ka murza masa kai da bayan kunne da yatsunka, rawar hannun naka ma a nan za ta tsaya. Gashin baki da almakashi, ka sa yatsanka tsakaninsa da leɓe. In ya gaji a tsakiya, ku huta, ba inda za ku.

Haka na yi wa nawa mahaifin a shekararsa ta ƙarshe. Rana ta farko da na gama, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya shafa ƙeyarsa, ya tsaya a wani wuri bayan kunnen hagu, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa sau biyu. Na duba, ashe na bar gashi. Na sake jiƙawa na gyara.

In ka gama, shafa masa mai, ka sa masa turarensa, ka ɗora masa hular da yake zuwa masallaci da ita, sannan ka riƙe masa madubi.